Yadda Jiha Ke Tsara Wa Tsofaffi da Masu Buƙata ta Musamman: Jagora Daga Abin da Kalifoniya Ta Yi

A ce wata dattijuwa ce ta zame a banɗaki da asuba ta karye a ƙugu. Kowa zai ce wannan aikin ma'aikatar lafiya ne, kuma haka ne, na kwana goma ko ashirin ɗin da za ta yi a gadon asibiti. Amma dokin ƙofar da ta yi tuntuɓe da shi maganar gini ce. Motar da za ta riƙa kai ta gashin ƙashi maganar sufuri ce. 'Yarta da ta rufe shagon ɗinki don ta yi jinya, wannan maganar aikin yi ce. Fanshon mijinta da ya maƙale yana wani ofishi dabam. Mace ɗaya, ma'aikatu biyar, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ganin ta a matsayin nauyin da ke wuyanta. Matashin da shan inna ya bar shi a kan keke, da makahon da ke neman aiki da digirinsa a hannu, duk a irin wannan ratar suke faɗawa.

Wannan ne ya sa wasu jihohin Amurka suka koma yin tsari guda na dogon zango wanda ya ɗaure dukkan ma'aikatu. Tekzas ta fara nata tun 2005, Niyok ta bi sahu da umarnin Gwamna Kathy Hochul a Nuwamban 2022, amma wanda aka fi kwaikwayo shi ne na Kalifoniya, mai shekara goma. Shi zan bi daki-daki a nan. Ba don kuɗinsu irin namu ne ba. Kalifoniya ta fi ƙasashe da yawa arziki. Abin ɗauka shi ne jerin matakan, kuma tun da Najeriya ma jihohi gare ta da gwamnoni da majalisu da kasafin kuɗin kansu, zan riƙa nuna inda abin ya yi daidai da namu.

Mataki na farko: a samo umarni daga sama

Kuskuren da aka fi yi shi ne a damƙa aikin ga ma'aikatar jin daɗin jama'a ita kaɗai. Kwamishinan wannan ma'aikata ba shi da ikon ce wa takwaransa na ayyuka ya sauya zanen gada, ko ya ce wa na kasafi ya saki kuɗi. Tsara ba ta aiken tsara.

A Kalifoniya, Gwamna Gavin Newsom ne da kansa ya sa hannu a kan umarnin zartarwa a watan Yunin 2019. Umarnin ya ɗora jagoranci a kan sakataren lafiya da walwalar jama'a, amma ya kafa kwamitin 'yan majalisar zartarwa wanda ya haɗo masu kula da gidaje, sufuri, ƙwadago, tsoffin sojoji da sauransu. Ya kuma sa ranar da za a miƙa aikin, farkon Oktoban 2020. Annobar korona ta ɗaga ranar, aka fitar da kundin a Janairun 2021.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: gwamnan bai wayi gari haka kawai ya tuna da tsofaffi ba. Tun lokacin yaƙin neman zaɓen 2018 wasu gidauniyoyi da ƙungiyoyi suka tsare 'yan takara sai da suka yi alkawari a bainar jama'a. Shugabannin ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman da na 'yan fansho su lura da wannan. Lokacin da ɗan siyasa ke neman ƙuri'a shi ne lokacin da kunnensa ke ji.

In a jiharmu ne, wurin da ya dace aikin ya zauna shi ne ofishin sakataren gwamnatin jiha, ko ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, ma'aikatar jin daɗin jama'a kuma ta riƙe sakatariya. Takardar umarnin kada ta wuce shafi biyu: wa ke jagoranci, waɗanne ma'aikatu ne dole su halarta kuma a matakin babban sakatare, wace rana za a kawo daftari. In ba a rubuta matakin wakilci ba, zama na uku za ka tarar an turo ƙananan ma'aikata masu zuwa karɓar alawus.

Mataki na biyu: a san su wa ake magana a kansu

Abin da ya tayar da Kalifoniya tsaye lissafi ne guda: zuwa 2030 mutum ɗaya cikin huɗu a jihar zai kasance ya kai shekara 60, wato kusan mutum miliyan 10.8. Lamba ɗaya mai sauƙin riƙewa, kowane jawabi da ita ake buɗe shi.

A wajenmu ƙidayar jama'a ta ƙarshe ita ce ta 2006, saboda haka ba za a zauna jiran sabuwa ba. Akwai rajistar marasa galihu da jihohi ke riƙe da ita, akwai jerin 'yan fansho, akwai bayanan hukumar taimakekeniyar lafiya, akwai littattafan asibitocin mazaɓu. A haɗa su, sannan a fita a yi tambaya gida-gida a wasu zaɓaɓɓun mazaɓu na birni da ƙauye.

Yadda ake tambayar shi ne muhimmi. Ka shiga gida ka ce, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" za a ce maka babu, alhali ga kaka can a ƙuryar ɗaki ba ta gani, ga yaro ba ya ji. Mutane suna ɗaukar kalmar a matsayin gurgu ko kuturu mai bara, ko kuma suna jin nauyin ta. Shi ya sa masana ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara tambayoyi shida da ba su ambaci kalmar ba sam. Ana tambayar ko mutum yana shan wahala wajen gani ko da ya sa tabarau, wajen ji, wajen tafiya ko hawa matakala, wajen tuna abu ko tattara hankali, wajen yin wanka da sa tufafi da kansa, da wajen fahimtar magana ko a fahimce shi. Kowace tambaya amsarta hawa huɗu ce, daga "babu wahala" zuwa "ba ya iyawa kwata-kwata". Da wannan ne za ka gane dalilin da ya sa ake haɗa tsufa da naƙasa a tsari ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar naƙasa, kuma yawan yana hauhawa ne da shekaru. Gangaren da aka yi wa mai keken guragu a ƙofar asibiti, shi ne dai Baba mai sanda zai bi, shi ne mai juna biyu za ta bi.

Mataki na uku: masu abin su zauna a teburin

Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. Kalifoniya ta kafa kwamitin masu ruwa da tsaki a gefen na gwamnati, da ƙananan kwamitoci biyu, ɗaya kan kulawa ta dogon lokaci, ɗaya kan bincike. Daga baya aka ƙara wani rukuni mai duba ko tsarin zai isa ga waɗanda aka saba bari a baya, irin su baƙaƙen fata, 'yan asalin ƙasar da mutanen karkara. An shafe fiye da shekara ana sauraron jama'a, kwamitin ya miƙa ɗaruruwan shawarwari.

Nan ne zan ɗan tsaya, domin a nan yawancin irin wannan aiki ke lalacewa. Taron sauraron jama'a a babban otal, a hawa na biyu, ba na'urar hawa, ba mai fassara da yaren kurame, takardu duk da Turanci, wannan ba sauraro ba ne. Wanda ya iya zuwa irin wannan taro ba shi ne ya fi buƙata ba. Ga abin da ya kamata a tanada:

Zama a ƙasa, a wurin da keke zai shiga har banɗaki. Mai fassarar kurame, kuma a biya shi. Takardu da Hausa, da manyan haruffa, da kuma murya da za a tura ta waya ga wanda ba ya gani. Zama na mata daban, domin tsohuwa ba za ta yi maganar yoyon fitsari ko cin zarafin da ake mata a gida ba a gaban maza. Kuɗin mota ga mahalarci da ɗan jagoransa. Sannan a bi waɗanda ba sa fita har gida. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara uku ba zai taɓa zuwa taro ba, kuma shi ne ainihin wanda ake yi dominsa.

Muna da wani abu da Kalifoniya ba ta da shi: sarkin makafi, sarkin guragu, sarkin kutare, da tsarinsu na shugabanci da ya daɗe, kuma sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. A gayyace su tare da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman da ƙungiyar 'yan fansho. Sai dai a kula, waɗannan su ne masu murya. Iyayen yara masu larurar ƙwaƙwalwa, da masu jinyar tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama, ba su da sarki, ba su da ƙungiya mai ƙarfi. In ba a ware musu kujera da gangan ba, ba za a ji su ba.

Mataki na huɗu: a lissafa abin da ke ƙasa

Wannan gajere ne. A aika wa kowace ma'aikata takarda mai tambaya uku: me kuke yi yanzu da ya shafi tsofaffi ko masu naƙasa, nawa aka ware, nawa aka saki. Za a sha mamakin yawan shirye-shiryen da ke tafiya ba wanda ya san da na wani.

A lissafa dokoki ma. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a farkon 2024, ta kuma ce a ware aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Akwai dokar da ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, akwai manufar ƙasa kan tsufa da aka amince da ita a 2021, akwai dokar inshorar lafiya ta 2022 mai asusun masu rauni. Jihohi irin su Legas, Filato, Kano, Jigawa da Kaduna suna da nasu dokokin kan masu naƙasa. Sabon tsari ba ya buƙatar ƙirƙiro haƙƙoƙi. Yawancinsu suna nan a rubuce, aiwatarwa suke jira.

Mataki na biyar: manufofi kaɗan, waɗanda ba na ma'aikata ɗaya ba

Daga duk ɗaruruwan shawarwarin nan, Kalifoniya ta fito da manyan manufofi biyar kacal: muhalli ga kowane mataki na rayuwa, sake fasalin kiwon lafiya, shigar da kowa cikin jama'a maimakon kaɗaici, jinya mai ɗorewa, da iya ɗaukar nauyin rayuwa a tsufa. A ƙarƙashinsu aka jera dabaru 23, da ayyuka sama da ɗari na shekara biyun farko. Lura da cewa ba a raba su da sunan ma'aikatu ba. An raba su ne da yadda mutum ke rayuwa, don kowace manufa ta tilasta wa ma'aikatu biyu ko uku su zauna tare.

Cikin biyar ɗin, maganar jinya ce na fi so a duba da kyau. A Amurka an daɗe ana fafutukar fitar da mutane daga gidajen ajiye gajiyayyu. Kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 1999, a shari'ar da ake kira Olmstead, cewa killace mai naƙasa a irin waɗannan gidaje ba tare da dalili ba wariya ce. Kalifoniya tana da shiri da ke biyan mai jinya albashi don ya kula da mutum a gidansa, sama da mutum rabin miliyan ke amfana, kuma a lokuta da yawa mai jinyar ɗan'uwa ne na jini. Tana kuma ba ma'aikaci hutun mako takwas da wani kaso na albashinsa don ya yi jinyar iyaye ko wani na kusa. Wato suna kashe maƙudan kuɗi don su dawo da abin da mu muke da shi tun asali, tsoho ya tsufa a ɗakinsa cikin jikokinsa.

To amma kada mu yaudari kanmu da cewa "mu ba ma yar da iyayenmu". Gaskiya ne, sai dai wa ke ɗauke da nauyin? Kusan kullum mace ce, 'ya ko suruka ko jikar da aka cire daga makaranta. Ita ke ɗagawa, ita ke wankewa, ita ke kwana a zaune, ba horo, ba hutu, ba sisi. Maza sun tafi ci-rani ko aiki a wani gari. Jihar da ta ɗauki tsarin Kalifoniya ta fara gina gidajen tsofaffi ta karanta shi a baibai. Abin da ya dace shi ne a tallafi gidan: jami'an lafiya na unguwa su riƙa leƙawa suna koya wa mai jinya yadda ake juya majinyaci don kada kwanciya ta ci masa jiki, a samar da keke da sandar dogarawa da kujerar bahaya a kan aro, a sa mai jinyar cikin inshorar lafiya ita ma. Hukumomin zakka da waƙafi, irin na Sakkwato da Kano, suna da gurbi a nan, in an ba su sunaye tabbatattu.

Kada a manta da bala'o'i. Gobarar dajin da ta cinye garin Paradise a Kalifoniya a 2018 ta kashe mutum 85, mafi yawansu tsofaffi ne da ba su iya gudu ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ba ya buƙatar a yi masa bayani. Hukumar agajin gaggawa ta jiha dole ta kasance cikin kwamitin tun ranar farko.

Mataki na shida: kowane aiki da mai shi, da ranarsa, da layinsa a kasafi

Wannan ne ke raba tsari da kundin da za a ƙaddamar a yi hoto a ajiye a kabad. A Kalifoniya kowane aiki an rubuta hukumar da ke da alhakinsa a gefensa, kuma ana sabunta jerin duk bayan shekara biyu. Shekara goma ta yi nisa a kama wani da laifi. Shekara biyu kuwa mutum yana nan a kujerarsa.

Jimla irin "za a inganta rayuwar tsofaffi" ba aiki ba ce. Aiki shi ne: ma'aikatar lafiya za ta yi wa mutum kaza aikin yanar ido kafin ƙarshen shekara mai zuwa, daga layi kaza na kasafi. Ko: hukumar tsara birane ba za ta ƙara amincewa da zanen ginin jama'a ba sai da gangaren keke da banɗakin da keke ke shiga, daga wata kaza. Wannan na biyun ma ba ya cin kuɗin gwamnati, sa hannu ne kawai. Sai dai a rubuta ma'aunin gangaren, tsawon mita goma sha biyu ga kowane tashin mita ɗaya, domin duk mun ga irin gangaren da ake yi a ƙofar wasu gine-gine wanda ko mai ƙafa biyu sai ya dafa.

A yi aikin da kalandar kasafi a hannu. In takardar kiran ma'aikatu su kawo ƙiyasinsu ta fita kafin a gama daftari, an yi asarar shekara guda. Dabara mafi sauƙi ita ce ma'aikatar kasafi ta sa sharaɗi a cikin takardar kiran: kowace ma'aikata ta nuna layin da ya shafi tsarin.

Game da tallafin kuɗi na wata-wata, muna da abin koyi a gida. Jigawa ta fara biyan masu naƙasa naira dubu bakwai a wata a zamanin Gwamna Sule Lamido, Ekiti kuma ta fara biyan waɗanda suka kai shekara 65 naira dubu biyar a 2011, zamanin Kayode Fayemi. Duka biyun sun nuna abin yana yiwuwa. Amma dubu bakwai ta wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. Duk wanda zai rubuta irin wannan shiri ya sa ƙa'idar sake duba adadin lokaci-lokaci, ya kuma rubuta yadda ake shiga da yadda ake cire wanda ya rasu, in ba haka ba jerin zai koma na 'yan jam'iyya.

Mataki na bakwai: a ɗaure shi yadda zai wuce gwamnan da ya fara

Umarnin gwamna, wani gwamnan na iya share shi da alƙalami ɗaya. Shi ya sa majalisar dokokin Kalifoniya ta mara wa aikin baya da doka tun a 2019. Jihar tana fitar da rahoton ci gaba duk shekara, kuma ta buɗe shafi a intanet inda kowa zai ga alƙaluman, gunduma-gunduma. A wajenmu rediyo ya fi shafi isa ga mutane: rahoton shekara a karanta shi da Hausa, a buɗe layin waya, babban sakatare ya zauna ya amsa.

Ko da doka, ba a tsira daga ja da baya ba. Shekara da shekaru, tsoho a Kalifoniya ba ya samun inshorar lafiyar talakawa ta Medi-Cal in ajiyarsa ta wuce dala dubu biyu. A Yulin 2022 aka ɗaga iyakar zuwa dala dubu 130, a Janairun 2024 aka cire ta gaba ɗaya. Da giɓin kasafi ya matso, aka dawo da iyakar dubu 130 daga farkon 2026. Ƙungiyoyin da suka zauna a kwamitin tun farko su ne suka yi ta kai gwauro suna kai mari a majalisa, har aka tsaya a nan maimakon komawa dala dubu biyun da aka fara ba da shawara. Saboda haka kada a rushe kwamitin masu ruwa da tsaki ranar ƙaddamarwa. A mayar da shi na sa ido, yana zama duk wata uku.

Mataki na takwas: a sauko da shi ƙasa

Kalifoniya tana da gundumomi 58, da hukumomin yanki 33 masu kula da tsofaffi, kuma ta rubuta musu ɗan littafin jagora don kowace ta yi nata ƙaramin tsarin. Jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ba za ta iya farawa ko'ina a lokaci ɗaya ba. A zaɓi uku ko huɗu, ɗaya a tsakiyar birni, ɗaya a ƙauye mai nisa da asibiti, ɗaya a yankin da ambaliya ke ci.

A kowace mazaɓa aikin farko ɗaya ne. Mai unguwa, da jami'ar lafiya, da wakilin masu naƙasa, da limami ko fasto su zauna su rubuta sunan duk wanda ba ya iya fita daga gida da kansa, da sunan mai kula da shi, da lambar wayar da za a kira. Kwafi ɗaya a asibitin mazaɓa, ɗaya a wurin dagaci, kuma a kiyaye shi daga hannun masu neman sunaye don rabon siyasa. A sabunta shi sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina ta faɗi, ɗaya kafin zafin bazara ya tsananta.